Tuwo Kaɗan, Miya da Yawa: Jagoran Rage Sitaci ga Mai Ciwon Sukari a Karkara

A shekarar da aka gano ciwon sukari a jikin baffana, wanda manomi ne a wani ƙauye tsakanin Ringim da Taura, abin da ya fara yi shi ne korar gwangwanin sukari daga ɗakinsa, ya daina shan lemon kwalba, ya kuma hana yara sayo masa rake ranar kasuwa. Bayan wata biyu ya koma asibiti da kyakkyawan zato, aka soki yatsarsa, sai ga lamba tana nan kusan inda ya bar ta. Da ya dawo ya ce mini: "Kai ɗan nan, wace irin cuta ce wannan? Rabona da sa zaƙi a baki tun kafin a yanke gero." Na shiga cikin gida na tambayi Inna abin da yake ci, ta lissafa mini: koko cikin babban kofi da ɗumame da safe, fura da rana, tuwon dawa malmala uku da dare. Babu zaƙi a ciki ko kaɗan, amma tun daga asuba har kwanciya hatsi ne kawai yake canza kama.

A nan ne yawancinmu muke yin kuskure, domin sunan cutar ya sa muna tsaron sukarin da harshe ke ji, muna barin wanda ciki ke haɗawa. Gero da dawa da masara da shinkafa da alkama, kimanin kashi 70 cikin 100 na busasshen nauyinsu sitaci ne, kuma sitaci idan ya narke a hanji sukari yake komawa kafin ya shiga jini. Garin tuwo giram 100, wato kusan cikin gwangwanin madara ɗaya, yana ɗauke da sitaci wajen giram 70, alhali ƙaramin cokalin shayi na sukari giram 4 ne kawai. Gaskiya ne cewa hatsi yana zuwa da wasu abubuwan amfani kuma ba ya hawa jini da saurin sukarin gwangwani, amma a ƙarshe can ɗin zai je. Jikin mai lafiya yana da wani sinadari da ake kira insulin, wanda ke kwashe wannan sukari daga jini ya kai shi inda za a ƙona, shi kuwa mai ciwon sukari ko insulin ɗin ya yi masa kaɗan, ko jikinsa ya daina jin maganarsa.

Masana abinci suna kiran tsarin ci da ƙarancin sitaci idan abin da mutum ke ci a yini na sitaci da sukari bai kai giram 130 ba. Akwai masu sauka ƙasa da giram 50, amma ban ga dacewar hakan ga mutumin karkara ba, wanda ke yini a gona, asibiti kuma ba a bakin ƙofarsa yake ba. Abin da wannan jagora ke nufa shi ne tsakanin giram 100 da 130, da abincin da ake da shi a rumbu da lambu da kasuwar mako.

Mataki na farko: a fara da maganin da ake sha

Kafin a rage ko loma ɗaya, a tattara kwalayen magungunan da ake sha a kai wa likita ko jami'in lafiyar da ke duba mutum, a gaya masa abin da ake shirin yi. Dalili shi ne magunguna ba iri ɗaya ba ne. Metformin, wanda shi aka fi bayarwa, da wuya ya kayar da sukarin jini fiye da kima idan shi kaɗai ake sha. Amma glibenclamide, wanda mutane da yawa suka sani da sunan Daonil, da gliclazide da glimepiride, da kuma allurar insulin, suna ci gaba da jan sukari ƙasa ko an ci tuwo ko ba a ci ba. Wanda ya rage abinci ya bar waɗannan yadda suke yana iya faɗuwa a gona. Akwai kuma wasu sababbin ƙwayoyi irin su empagliflozin da dapagliflozin, waɗanda ke fitar da sukari ta fitsari, su kuma haɗa su da tsananin rage sitaci yana iya jawo wani mummunan tsamin jini da sai an kwanta a asibiti. Rage magani aikin likita ne, ba na mai jinya ko mai kemis ba.

Mai juna biyu, da mai shayarwa, da yaro, da wanda ciwonsa nau'i na ɗaya ne da ba ya rayuwa sai da allura, da mai ciwon ƙoda, da tsohon da ya riga ya rame, kada su bi wannan tsari sai da umarnin likitansu kai tsaye.

Dole ne kuma kowa a gidan ya san alamomin faɗuwar sukari: rawar jiki, gumi mai sanyi, yunwa ta farat ɗaya, bugun zuciya, jiri, sannan ruɗewa da magana marar kan gado. Na nanata wannan ne saboda a ƙauye idan dattijo ya fara sambatu yana gumi, hankalin mutane yakan tafi ga iska, a nemi hayaƙi da tofi, alhali abin da yake bukata yana cikin gwangwani. Idan na'urar gwajin sukari ta nuna ƙasa da 70, ko alamomin suka bayyana babu na'ura a kusa, a ba shi sukari giram 15, wato cokalin shayi huɗu a ruwa, ko rabin ƙaramar kwalbar lemo, a jira minti 15 a sake gwadawa, idan bai tashi ba a maimaita, idan ya dawo daidai ya ci abinci. Wanda ya suma kuwa ba a ɗura masa komai a baki, sai a kwantar da shi a gefensa a nemi mota. Saboda haka gwangwanin da Baffa ya kora sai da muka mayar da shi ɗakin, ya tashi daga kayan shayi ya koma kayan magani.

Mataki na biyu: a bar na'ura ta yi alƙalanci

Duk gidan da zai iya, ya mallaki ƙaramar na'urar gwajin sukari, ko maƙwabta biyu su haɗa kuɗi su saya, da sharaɗin kowa da allurar sokinsa, ba a aron ta. Abin da aka fi nema ga yawancin manya shi ne 80 zuwa 130 kafin cin abinci, da ƙasa da 180 bayan awa biyu da fara ci. Wasu na'urorin da wasu asibitocin suna ba da ƙananan lambobi irin 7 ko 10, wannan wani ma'auni ne daban, kuma idan aka ninka shi sau 18 za a sami na farkon, wato 10 ita ce 180.

Tsinken gwajin, wato ɗan abin da ake sa wa na'urar a ɗiga masa jini, shi ne mai cin kuɗi, don haka kada a ɓarnatar da shi a gwajin asuba kullum, wanda amsarsa ba ta cika canzawa ba. Dabarar da ta fi amfani ita ce a zaɓi abinci ɗaya a rana, a gwada kafin a ci, a sake gwadawa bayan awa biyu, a rubuta a littafi abin da aka ci da yawansa da lambobin biyu. Yau koko, gobe fura, jibi tuwo. Cikin kwana goma mutum zai san abincin da ke yi masa illa da wanda jikinsa ke ɗauka, kuma wannan sani ya fi duk nasihar da za a yi masa, domin gani ya kori ji. Baffa bai yarda da maganata a kan koko ba sai ranar da ya ga lambarsa ta tashi daga 140 ta haura 260 a kan kofi ɗaya da ba a sa masa ko ƙwayar sukari ba. A wanke hannu a busar kafin soki, saboda ɗan ruwan mangwaro a yatsa ya isa ya ba da lambar ƙarya, a kuma riƙa rufe kwalbar tsinken a ajiye ta inda zafi ba ya kai mata.

Mataki na uku: a fara da abin da ake sha

Sitacin da aka niƙa ya yi laushi, aka tace, aka dafa ya zama ruwa, shi ya fi kowane saurin shiga jini, kuma ba ya daɗewa a ciki, shi ya sa mai shan koko ke jin yunwa tun hantsi. Koko, kunun tsamiya, kunun kanwa, kunun zaƙi, farau-farau da fura duk a wannan layi suke, kuma daga nan ya kamata gyara ya soma, tun kafin a taɓa tuwon dare. Shayi da burodi na teburin mai shayi ma haka ne, balle idan an haɗa da garin Milo ko Bournvita, waɗanda da sukarinsu suke zuwa. Lemon malt da ake kai wa marar lafiya dubiya da sunan ƙarin jini, sukarinsa bai gaza na sauran lemon kwalba ba.

Abin da zai maye gurbinsu da safe shi ne dafaffen ƙwai biyu, ko awara yanka huɗu ko biyar da yankakken kabeji da albasa da tumatir, ko alala madaidaiciya, ko ƙosai 'yan ƙwayoyi ba tare da koko ba, a kora da shayi marar sukari da aka dafa da citta da kanumfari. Madarar waken suya da aka yi a gida ba a sa mata sukari ba ta fi kunun gyaɗa dacewa, tunda shi kunun gyaɗa da shinkafa ko gasara ake ɗaure shi. Zoɓo, wanda Jigawa ke nomawa har ana fitar da shi ƙasashen waje, abin sha ne mai kyau idan an bar shi da tsaminsa.

Fura ta fi wuyar bari, musamman da zafin bazara, kuma ba sai an bar ta gaba ɗaya ba. Nonon ba shi ne matsalar ba, domin sukarin da ke cikin madara bai wuce giram 5 a kowane giram 100 ba. A sha kindirmo ludayi uku ko huɗu haka nan, ko a dama rubu'in curin fura a ciki don ɗanɗano da ƙamshin kayan yaji, maimakon curi biyu da ake damawa a da. Zuma ba mafita ba ce. Kusan kashi 80 cikin 100 nata sukari ne, kuma wanda ya bar sukari ya koma zuba zuma a fura ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago.

Mataki na huɗu: a juya akushin dare

A al'adarmu tuwo shi ne abinci, miya kuwa 'yar rakiya ce da ke taimaka masa ya wuce maƙogwaro. Dukkan wannan tsari ya tsaya ne a kan juya wannan al'ada, miya da ganye su zama su ne abincin, tuwo ya koma ɗan rakiya. Ba a yin haka dare ɗaya. Mai cin malmala uku ya koma biyu na tsawon mako biyu, sannan ya koma ɗaya, kuma malmalar ta zama kamar girman dunƙulen hannunsa, ba irin wadda ake kwasa da babbar mara ba. Wanda ya yanke gaba ɗaya a rana guda yakan yi kwana uku yana fama da ciwon kai da kasala, a na huɗu ya rama abin da ya wuce.

Sai dai ba a rage tuwo a bar gurbinsa wayam, kuma miyar kuka tsululu ba za ta cike shi ba. Ana bukatar miya mai jiki wadda za a iya ci da cokali: miyar zogale da gyaɗa, miyar alayyahu, miyar taushe da aka yawaita mata ganye da yakuwa, miyar ɗanyar kuɓewa da aka yanka manya-manya, miyar ridi, miyar wake da aka sa mata ganye. Kabewa tana da ɗan zaƙi a baki, amma sitacinta bai kai giram 10 a giram 100 ba, don haka ba abin gudu ba ce a miya. Kuka da karkashi da busasshiyar kuɓewa suna nan daram, a dai yi su da kauri, a sa musu kifi ko wake.

Abin da ya fi taimakon Baffa shi ne kwaɗo kafin tuwo. Inna takan tsinke zogale cikin ƙwarya guda tun da la'asar, ta dafa shi har ɗacin ya fita, ta tsiyaye ta matse, ta daka ƙuli-ƙuli ya yi laushi ta dama shi da ɗan ruwa, ta yanka albasa da tumatir da attaruhu ɗaya, ta zuba cokali guda na man gyaɗa da ɗan gishiri ta cakuɗa. Ana kai masa wannan bayan magariba, tuwo kuma sai ya biyo baya, lokacin da ciki ya riga ya sami abin riƙewa. Ganye da mai da gyaɗa idan suka riga sitaci shiga ciki suna rage saurin hawan sukari, sannan malmala ɗaya takan ishi mutum ba tare da ya ji an zalunce shi ba. Rama, tafasa, yaɗiya, lansir, ɗinkin da kabeji duk suna kwaɗuwa. Abu biyu ne ba a sawa: sukarin da wasu masu talla ke barbaɗawa, da garin kwaki da ake ƙarawa don ya yi auki. A kuma ɗanɗana ƙuli-ƙulin kasuwa kafin a saya, saboda akwai mai sukari.

Sauran abincinmu ma juya awonsu ake yi. Dambu ya zama zogale kashi uku, tsaki kashi ɗaya. Faten tsaki ya zama ganye ne da aka ɗan ɗaure da tsaki. Garau-garau ya zama wake uku, shinkafa ɗaya, a cika gefen kwanon da latas da tumatir da gurji. Ɗanwaken talla yawancinsa garin rogo ne, sunan wake kawai ya ara, amma wanda aka yi a gida da garin wake zalla da kuka ya fi sauƙi. Shi kansa wake yana da sitaci, kimanin giram 20 a giram 100 na dafaffe, sai dai yana narkewa a hankali kuma yana riƙe ciki, don haka a ci shi da awo, kofi ɗaya a zama ɗaya. Rogo, garin kwaki, dankali, doya, taliya, gurasa, waina da funkasau kuwa sai dai ɗanɗano jefi-jefi.

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare, wai tuwon alkama ko na acca shi ne abincin mai ciwon sukari, har ka ga talaka ya sayar da dawarsa kwano biyu ya sayi alkama kwano ɗaya. Wannan asara ce. Alkama da acca hatsi ne kamar sauran, sitacinsu bai gaza na dawa da gero da wani abin kirki ba, kuma malmala uku ta alkama za ta ɗaga sukari kamar yadda malmala uku ta dawa za ta yi. Dawar rumbunsa da ba a surfe ta ta yi fari fat ba, aka niƙa ta da ɗan haki, ta wadatar. Kuɗin alkamar ya fi amfani a ƙwai da kifi.

Ba a bukatar tukunya ta daban, kuma wannan ya kamata a faɗa wa uwargida tun farko don kada ta ɗauka an ɗora mata girki biyu. Tuwon gida ɗaya ne, miyar ma ɗaya ce, kwanon marar lafiyar ne kawai ake zubawa daban. Inda abin ke da wuya shi ne ciyayya a ƙofar gida, inda magidanta ke haɗa akusa bayan isha'i, hannu na bin hannu ba wanda ke ƙirga loma. Baffa bai janye daga cikin 'yan'uwansa ba, domin yin haka zai zama abin magana. Akushinsa yana fita cike kamar kullum, shi kuma yakan fito bayan ya ci kwaɗonsa a ciki, ya yanki gefe guda ya tsaya a kansa. Idan aka ce, "Malam, ai ba ka ci komai ba," sai ya ce likita ya sa masa doka, kuma ba a ja da wannan amsa. Ita ce dai ke fitar da shi a wajen suna da ɗaurin aure idan an turo masa waina da alkaki.

Mataki na biyar: a nemi abin da ke riƙe ciki

Ƙorafin da aka fi yi shi ne wannan abinci na masu kuɗi ne, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki, tunda babu abin da ya kai hatsi arha wajen cika ciki. Amma ba nama ake nufi kullum ba. Gyaɗa da ridi da waken suya duk amfanin gonarmu ne, suna da mai da abin gina jiki, sitacinsu kuma kaɗan ne. Waken suya kwano ɗaya, idan aka jiƙa aka markaɗa aka tace aka dafa, aka tsinka shi da ruwan tsami aka matse, yana ba da awarar da za ta kai mutum kwanaki, kuma sitacin awara bai taka kara ya karya ba. Ba lallai a soya ta ba, ana iya jefa ta a miya. Da damina ƙwan zabi yana arha. Bandar kifin Haɗeja tana zuwa kasuwanni kamar Gujungu ranar Lahadi, kuma ƙananan da ake sayarwa a kwano sun isa su gyara miyar mako guda. Fara a lokacinta abinci ce mai kyau. Soyayyar gyaɗa cikin tafin hannu ɗaya tana kashe yunwar la'asar, a dai zubar da duk wadda ta yi fumfuna ko ta yi ɗaci, saboda gubar da ke cikinta tana cutar da hanta.

Ciwon sukari da hawan jini sukan zo tare, don haka kada yawaita miya ya zama yawaita gishiri da dunƙule. A bar daddawa da albasa da citta da tafarnuwa su ɗauki nauyin ɗanɗano. Mai kuma a sa daidai, cokali ɗaya ko biyu a kwano, ba a yi iyo a ciki ba.

'Ya'yan itace a ci su da ƙirge: gwaiba ɗaya, ko lemon zaƙi ɗaya da aka ci da totuwarsa ba matse ruwansa aka yi ba, ko yanka ɗaya na kankana. Yalo da gurji ba su da iyaka. Lokacin mangwaro ne ke kayar da mutane da yawa, saboda yana zubowa kyauta a gindin bishiya, sai a zauna a sha biyar a tashi, alhali rabin guda ya isa. Dabino kuwa kimanin kashi biyu cikin uku na nauyinsa sukari ne.

Mataki na shida: a bi shekara yadda take juyawa

Ganye yana da yawa da damina, yana ƙaranci daga tsakiyar rani zuwa bazara, sai ga wanda ke kusa da fadama ko wuraren noman rani irin na Kadawa da kwarin Haɗeja. Saboda haka tanadin ganye ya zama kamar tanadin hatsi. Da kaka a shanya zogale da rama da yakuwa da tafasa da kuɓewa a inuwa, ba a tsakiyar rana ba, a ɗura a buhu a rataye inda laima ba ta kai. A dasa zogale uku ko huɗu inda ruwan alwala ke gangarawa, a kewaye su saboda awaki.

Aiki ma yana canza lissafi. Ranar huɗa ko noman farko jiki yana ƙona sukari da yawa, don haka mai shan glibenclamide ko mai yin allura kada ya fita gona da cikin wofi, ya sa dabino uku ko ƙullin sukari a aljihu, kada kuma ya yi aiki inda babu mai ganinsa. Ya sa takalmi, domin ciwon yana kashe jin ƙafa, ƙaya ta soki mutum bai sani ba sai ta zama gyambo. Da rani kuwa, lokacin da zama ya yi yawa a gindin bishiya, tafiyar minti 10 zuwa 15 bayan cin abinci tana rage hawan sukari, kuma zuwa masallacin da ya fi nisa ya isa ya biya wannan bukata.

Game da azumin Ramadan, a ga likita makonni kafin watan ya kama, saboda lokutan shan magani suna canzawa, kuma akwai waɗanda azumin ke da haɗari gare su, shari'a ta kuma ba marar lafiya rangwame. Wanda aka yarje wa ya buɗe baki da ruwa da dabino ɗaya, ya tsallake kunu, ya ci ƙosai ko alala da ganye, ya jinkirta sahur. Idan da rana na'ura ta nuna ƙasa da 70 ko sama da 300, ya karya azumin nan take.

Ba zan wuce ba tare da ambaton masu tallar magani da lasifika a kasuwa ba, da kuma imanin da ake da shi cewa ɗaci yana kashe zaƙi. Shuwaka ganye ce mai kyau a miya, amma jiƙon darbejiya ko garafuni ba ya goge malmala uku, kuma garin da ba a san abin da ke cikinsa ba yana iya taɓa ƙodar da ciwon ya riga ya raunana. Na san wanda ya ajiye ƙwayoyinsa saboda irin wannan gari, ya dawo asibiti a kwance.

A makon farko da na biyu ana iya jin ɗan ciwon kai ko kasala ko taurin bayan gida, wanda yawan shan ruwa da ganye ke warwarewa. Mai shan maganin hawan jini idan ya riƙa jin jiri in ya miƙe tsaye, ya je a auna shi, wataƙila maganin ne ya yi masa yawa yanzu. Amma amai da ba ya tsayawa, ko lamba da ta zauna sama da 300, ko ƙishirwa da fitsari da rama da ke ƙaruwa, ko rauni a ƙafa da ya ƙi warkewa, ko gani da ya fara dusashewa, waɗannan ba a jiran ranar da aka ba mutum, sai a tafi.

Bayan wata uku a nemi gwajin da ake kira HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin sukarin jini na wata biyu zuwa uku da suka wuce, kuma abin da ake nema ga yawancin manya shi ne ƙasa da kashi 7. Ƙananan asibitocin ƙauye ba su cika yin sa ba, sai manya irin su Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ko Rasheed Shekoni a Dutse, ko ɗakunan gwaji na cikin gari. A roƙi a haɗa da gwajin ƙoda da na kitsen jini a wannan zuwan, don kada kuɗin mota ya zama biyu. Ranar tafiya a sa littafin lambobin nan a jaka tare da kwalayen magani duka, da ɗan abin da za a ci bayan an ɗebi jini idan an ce a zo ba a karya ba, kuma a tambayi likita tun kafin ranar ko za a sha maganin safe kafin a ɗebi jinin ko sai bayan an ci abinci.